Mai Goshi Ta Daina Amsawa

Laraba, 19 ga Fabrairu, da yamma

Ranar Asabar da ta wuce ce, kuma da farin ciki na tashi. Wannan nake so in fara rubutawa, don kada nan gaba in yaudari kaina in ce na ji wani abu a jikina. Ban ji komai ba. Na niƙa itacen tanaka, kwalliyarmu ta nan, na shafa a kumatu, na zana shi kamar ganye, na ɗaura zanena mai ruwan ƙwai, na soka fure a gashi. Inna, uwar mijina, ta cire taba daga baki ta kalle ni daga sama har ƙasa.

"Malama mai littafi, biki za ki ko kogi?"

Na yi dariya. Har na juya mata baya don ta ga furen da kyau.

Baƙi biyu Ko Tabarau ya kawo mana daga birnin Mandalay (a nan "Ko" ake sa wa a gaban sunan namiji). Shi ne mai haɗa mu da masu son ganin dolfin, manyan dabbobin kogin nan masu fitowa su shaƙi iska, kuma Inna ce ta raɗa masa sunan, don ko a inuwa ba ya cire baƙin gilashinsa. Ango ne da amarya, 'yan Yangon. Amaryar tana riƙe da lema rawaya, sak irin matan da ake zanawa a bangon littattafan da nake haya, har yadda take karkatar da kai. Na yi ta kallonta har na manta ni ce mai kwashe ruwa daga kwalekwale.

Mun daɗe muna yawo. Ko Zeya, mijina, yana baya riƙe da inji, ni ina gaba. Dolfin ko ɗaya bai fito ba. Amarya ta turo baki, ango ya fara duba agogo. Sai Ko Tabarau ya ce, "Ba an ce gidanku kiransu kuke yi ba? Ko duk labari ne irin na masunta?"

Sandar kiran dolfin tana inda take kullum, soke a jikin katako, dab da ƙafata.

Zan tsaya nan. Inna na kira in tsince shinkafa.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, da hantsi

Mai Goshi, uwar dolfin ɗin nan, ta sake wucewa ta gaban ƙauye tana tura 'yarta Gimbiya da goshi. Ta ɗago ta sama, ruwa ya janye ta, ta nutsa ta sake ɗago ta. Tun Lahadi haka take yi. Mata sun bar wanki sun tsaya. Ma Pu maƙwabciyarmu ta ce, "Wayyo, uwa dai uwa ce. So take ta yi numfashi."

Mai Goshi ce ke yi wa gidanmu korar kifi tun kafin a haifi Ko Zeya. Baba, uban mijina, zai ƙwanƙwasa sanda a gefen kwalekwale, ya kaɗa dalmar birgi, ragarsa ta jefawa, a kan katako, ya yi wannan gurnanin na maƙogwaro. Sai ta zo da 'yan uwanta su zagayo kifi. Idan sun taru, ta ɗaga wutsiya sama ta kaɗa, shi kuma ya jefa birgi. Abin da ya tsere nata ne. Kowane gida da irin bugunsa, kuma ta san namu.

Gimbiya kuwa ni na sa mata suna, lokacin da ruwa ya fara janyewa muka ga ɗan ƙaramin kai yana fitowa a gefen uwar. Baba ya ce, "Sunan littafi ne wannan, ko?" Amma ya bar mata shi.

Ban iya kallo ba yau. Na ce sabuluna ya ƙare na hau gida.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, da rana tsaka

Mai Goshi ta saki gawar. Ruwa ya kawo Gimbiya tsibirin yashi na gabas.

Juma'a, da yamma

Duk ƙauye an je. Na so in zauna, Inna ta ce, "Ke da kika sa mata suna ne ba za ki je ba?"

Gimbiya ba ta kai tsawon hannuwana biyu a buɗe ba. Sara uku ne a gadon bayanta, a jere, kamar an auna. Mutanen ofishin kifi sun zo da igiyar awo, sun ɗauki hoto, sun yi tambaya. Samari suka ce babban jirgin sauri ne da ke saukowa daga Katha, wanda ba ya rage gudu ko a gaban gidan ibada. Wasu suka ce jiragen tsakuwa ne. Kowa ya kama zagin jirage. Ko Zeya yana tsaye bayan mutane, ya rungume hannu, yana kallon ƙafarsa.

Baba bai zagi kowa ba. Ya tsuguna, ya ɗora yatsunsa biyu tsakanin sara na farko da na biyu, ya ɗaga su a haka ya ɗora tsakanin na biyu da na uku. Ya daɗe. Sannan ya kwance rawaninsa ya rufe ta, aka haƙa rami.

Na zuba yashi da hannuna kamar kowa.

Asabar, 22 ga Fabrairu, da hantsi

Ranar ibada. Mun kai wa masu jan mayafi, malaman gidan ibada, abinci, muka zauna karɓar alkawura biyar. Babban Malami yana faɗa muna maimaitawa. Na farko, ba zan ɗauki rai ba. Bakina ya motsa, murya ba ta fito ba. Na biyu da na uku sun wuce lafiya. Na huɗu, ba zan yi ƙarya ba. Na tambayi kaina ko shiru ma ƙarya ne, kafin in sami amsa an kai na biyar.

A hanyar dawowa Inna ta ce, "Mura kike yi? Ban ji muryarki ba, ke da kike fin kowa ɗaga ta."

Na ce mura ce.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, da yamma

Baba ya fita da Inna a ƙaramin kwalekwalensa na filafili. Ya kira. Ba ta zo ba.

Litinin, 24 ga Fabrairu, da hantsi

Injin nawa ne. Gara in rubuta wannan ma. Duk ƙauye "injin Yamin" suke ce masa.

Ko Zeya bai taɓa neman inji ba. Ni ce na yi ta yi masa famfo tun muna sabon aure. Nakan karanta masa wuraren da saurayi yake ɗaukar budurwa a jirgi mai gudu, iska na kaɗa mata gashi, shi kuwa yana ɗinkin birgi yana cewa, "To, sannan sai suka ci me?" Na ce baƙi suna zuwa ƙauyen ƙasa da mu kowane mako. Na ce wata rana za mu kama ɗaki a Mandalay, kusa da titin masu sayar da littattafai, in riƙa zaɓe da kaina maimakon in jira abin da jirgin kasuwa ya kawo. Da ya ƙi, na kwance sarƙa da 'yan kunnen da mahaifiyata ta bar mini na ba shi. Na ce idan bai kai su kasuwa ba ni zan kai.

Ranar da aka ɗaura injin a bayan babban kwalekwale, da doguwar sandarsa mai farfela a ƙarshe, Baba ya zagaya shi sau ɗaya. Abu guda ya ce.

"Kira alkawari ne. Ba a yin sa sai da birgi a hannu, ba a kuma yin sa inji na magana. Kun ji?"

Mun ce mun ji. Ni na fi ɗaga murya.

Talata, 25 ga Fabrairu, da sassafe

Na sauka ɗebo ruwa, na tarar da Baba tsugune a bayan babban kwalekwale. Yatsunsa biyu a buɗe, irin buɗin ranar Juma'a, ya ɗora su a kan fikafikan farfela.

Tulu ya kusa suɓuce mini. Ya ɗago ya gan ni. Na jira. Na rantse da ya ɗaga hannu da na miƙa masa kumatu.

Ya ce, "'Yata, wajen nan akwai santsi. Bi ta can."

Ya tashi ya kama mini tulun na aza.

Talata, da yamma

Baba ya zaɓo mini tsokar kifi ya sa a kwanona, yadda yake yi tun ranar da aka kawo ni gidan nan. Kifi ɗaya ne tal a miyar. Na ci. Ban san yadda ake ƙin ci ba.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, da rana tsaka

Na sami Ko Zeya a bakin ruwa yana zuba wa inji mai. Tun ranar Asabar ɗin ba mu yi maganar ba, ko a ɗaki. Yakan juya wa bango fuska, ni in juya wa ƙofa.

Na ce, "Ko Zeya, Baba ya sani."

Bai ɗago ba. "Ya faɗa miki?"

"Bai faɗa ba."

"To bai sani ba ke nan."

"Na gan shi yana auna farfela."

Ya ajiye galan da ƙarfi har mai ya fantsamo masa a zane. "Me kike so in yi, Yamin? In tono ta in hura mata rai? Na ce miki inji na aiki. Na ce ko ban ce ba?"

"Ka ce."

"Kika ce me?"

Na ce sau ɗaya kawai. Abin da na ce ke nan a ranar. Na ƙwanƙwasa bugun gidanmu, wanda na koya ina bayan Baba, kuma na yi shi daidai, ko kuskure babu. Har na ji daɗin yadda ya fita. Suka zo. Amarya ta miƙe tana ihu, ga su can, ga su can, Ko Tabarau yana cewa juya, juya, kada su wuce. Gimbiya ta saba zuwa ta baya, inda nakan zauna da filafili in saka hannu a ruwa. Ba ta san na koma gaba ba.

Baƙin ba su ga komai ba. Suna kallon uwar. Amaryar ta ba ni ɗan madubinta kyauta da za su sauka.

Ko Zeya ya goge hannu a tsumma ya ce, a hankali wannan karon, "Hannuna ne a kan sandar inji, ba naki ba. Ki bar shi a nan."

Juma'a, 28 ga Fabrairu, da yamma

Baba ya kira a lanƙwasar kogi, ya kira a bakin tsibiri. Ba ta zo ba. An ce ta yi wa gidan U Po Kya kora shekaranjiya, can sama, sun cika kwando.

Asabar, 1 ga Maris, da hantsi

Jirgin kasuwa ya zo. Mai hayar littattafai ya hango ni ya ɗaga wani sabo yana kaɗawa. "Ma Yamin! Na ɓoye miki shi, ko 'yar shugaban ƙauye ban ba ba. Yarinyar ta yi wa mijinta babban laifi, sai kin ga yadda aka ƙare!"

Na karɓa don kada ya tambaye ni. Na zauna ƙarƙashin gida na buɗe shafin ƙarshe, abin da ban taɓa yi ba. Ta durƙusa cikin ruwan sama, ya ɗago ta, ya ce na yafe miki tun kafin ki roƙa.

A littafi wanda aka yi wa laifi yana da baki. Ana zuwa a same shi a tsaye a ƙofa.

Na sa littafin ƙarƙashin tabarma tare da madubin.

Lahadi, 2 ga Maris, da rana tsaka

A wurin wanki Ma Pu ta dunguri kafaɗata.

"Ke, matar mai inji, kin daina gaishe da talakawa? Albishirinki. Maigidana ma ya sayar da saniya, zai ɗauko nasa kafin bikin hasumiyar ibada. Ɗan Daw Kyin ma haka. Ai ke kika buɗe mana ido, da muna nan muna ta bugun katako kamar makoɗiya."

Sauran suka yi dariya. Wata ta ce, "Karatu bai faɗi ƙasa banza ba." Na yi murmushi. Na wanke riga ɗaya har sau biyu.

Talata, 4 ga Maris, da yamma

Baba yana gyaran birgi a ƙarƙashin gida, na kawo masa shayi. Jiragen tsakuwa biyu suna wucewa a jere, har kofin yana rawa a kan faranti. Ya jira suka yi nisa.

Ya ce, "Ruwan nan kin ga launinsa. Ko hannunki kika saka ba za ki gan shi ba. Su dolfin da kunne suke gani. Uwa da kunne take sanin inda 'yarta take. Ki ɗauka ke ce, a ce ki yi girki, ki shayar da jariri, ana buga miki ganga a cikin kai daga safe har yamma."

Na ce, "Baba, da can suna da yawa?"

"Ina yaro, idan suka taso sai ki ce tukwane aka kifa a ruwa. Yanzu na san kowace da suna. Abin da ka san shi da suna duka, ai ya kusa ƙarewa."

Na tsaya riƙe da faranti. Na buɗe baki zan faɗa masa. Ya miƙo kofi ya ce, "Shayin ya yi daɗi, 'yata. Je ki taya Innarki."

Ya sani, na san ya sani, ya san na san ya sani. Kullum sai ya rufe ƙofar kafin in kai gare ta, kuma a hankali yake rufewa, don kada ta matse mini yatsa.

Laraba, 5 ga Maris, da almuru

Ba ta zo ba.

Alhamis, 6 ga Maris, da yamma

Ko Tabarau ya zo da kwalin biskit. Ya zauna ya miƙe ƙafa kamar gidan ubansa. Bikin hasumiya ranar cikar wata ne, kuma ya ce ya tara baƙi na mako guda cur, safe da yamma, jirage uku za su fita tare, namu a gaba.

"Amaryar nan ta nuna wa duk Yangon hotunan. Kowa cewa yake a kai shi wurin yarinya mai fure da ke kiran dolfin. Ma Yamin, kin zama tauraruwa! Ki dai sake sa furen."

Inna ta ce, "Kai kuma ka cire tabarau mu ga ko kana da ido."

Ya yi dariya, Ko Zeya ma ya yi 'yar dariya, ya ce to. Baba ya tashi ya ce zai duba kwalekwale.

Da can, da wani ya ce mini an san ni a Yangon, da ban yi barci ba don murna.

Juma'a, 7 ga Maris, da hantsi

Na ce wa Inna, muna dakan daddawar kifi, "Inna, da za a bar fita da injin nan fa?"

Ta tsayar da taɓarya. "Au. Ke kika kawo shi da kuka, yanzu ke za ki kore shi da kuka? Leƙa tukunyar nan. Rabin ta bara ce. Tsohon nan yana jefa birgi tun safe yana dawowa da abin da kyanwa za ta raina. Shinkafar da kika ci jiya, inji ne ya kawo ta, ba bugun katako ba."

Na leƙa tukunyar.

Ta ci gaba da daka. Can ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Shekara nawa ina tuƙa shi yana kiran matar nan. Har kishi na yi da ita ina yarinya. Yanzu in ya kira ba ta zo ba, ni ce nake ganin bayansa. Ke ba kya gani."

Ta share ido da gefen hannu ta ce hayaƙin taba ne. Tabar a kashe take.

Asabar, 8 ga Maris, da yamma

Ko Zeya ya yi wa farfela keji na waya. Ya nuna mini yana ta bayani, ya ce yanzu ko an so ba za ta taɓa komai ba. Na ce, "Ƙarar fa?"

Ya ce, "Yamin, in mun bari, mijin Ma Pu ba zai bari ba. Jirgin Katha ba zai bari ba. Namu ɗaya ne zai cika kogi?"

Gaskiya ya faɗa. Na kalli hannunsa, waya ta yanke shi wuri uku, ya ɗaure da tsumma. Mutumin da ke tambayata sannan sai suka ci me. Ni na mayar da shi haka, yanzu kuma ina jin haushin ya zama.

Lahadi, 9 ga Maris, da rana tsaka

Ban karanta komai ba tun ranar jirgin kasuwa. Na shafa tanaka ba zane, kamar tsohuwa.

Litinin, 10 ga Maris, da hantsi

Yanzu muka dawo. Zan rubuta tun ban manta komai ba.

Gari na wayewa Baba ya tsaya a gindin tsani ya ce, "'Yata, kafaɗar Innarki ta ƙi. Za ki tuƙa ni?"

Ban taɓa filafili ba tun da aka kawo inji. Muka ɗauki ƙaramin kwalekwale muka haura can bayan tsibiri, inda jirage ba sa bi saboda yashi. Ruwa shiru, har ina jin ɗigon da ke sauka daga filafili. Ya ɗaga hannu na tsaya. Ya naɗa birgi a gwiwar hannu, ya gyara tsayuwa. Sai ya zaro sandar kira ya miƙo mini ta baya, bai juyo ba.

Na ce, "Baba, ba ni ba."

"Birgi na hannuna. Ba abin da ke magana. Buga."

Na buga. Hannuna ya ɓata na farko. Ya ce, "Sake." Na sake. Ya kaɗa dalma, ya yi gurnani.

Mun jira har na fidda rai. Sai na ji fuu, can nesa wajen ciyayi. Kai mai sulɓi ya fito ya koma. Ita kaɗai.

Baba ya ce ƙasa ƙasa, "Yauwa, tsohuwa. Mu ne. Zo mana."

Ta sake fitowa, kusa da da. Ta sake, har na ga tabon da ke gefen wuyanta. Ba ta yi kora ba, ba ta ɗaga wutsiya ba, tana dai zagaya mu daga nesa kamar mai leƙen gidan da ta taɓa zama. Na riƙe numfashi.

Sai daga ƙauye aka tayar da inji.

Na san shi. Yana tari sau biyu kafin ya kama, ba wani inji a kogin nan da ke yin haka. Ko Zeya ne ke gwada kejinsa. Daga inda muke ƙarar ba ta fi ta ƙuda ba.

Mai Goshi ta nutsa. Muka duba gabas, muka duba yamma. Da ta sake fitowa ta yi nisan da sai Baba ne ya gane ta, ta miƙe sama.

Ɗazu, tana cikin zagaya mu, jirgin tsakuwa ya wuce ta can ɗaya hannun kogin, mai ƙarar da ta ninka tamu sau goma, ba ta gudu ba.

Baba ya sauke birgi daga hannu, a bushe, ya ninke shi a hankali. Ya ce, "Ta san muryarsa."

Shi ke nan abin da ya ce. Na tuƙa mu gida. A hanya na yi kuka, bai juyo ba, ya bar ni na yi abina. Da muka iso ya karɓi sandar ya soke ta a wurinta, dab da inda nake zama.

Litinin, da yamma

Gaskiyar Ko Zeya tana nan, namu ɗaya ba zai cika kogi ba. Gaskiyar Inna ma tana nan a cikin tukunya. Na juya su duka biyu tun rana. Amma jirgin Katha bai taɓa kiranta ba. Mu muka kira ta, ta zo da 'yarta.

Na fito da littafin da madubin daga ƙarƙashin tabarma. Littafin zan mayar ranar jirgin kasuwa. Madubin na duba fuskata a ciki, na ga kunnuwana ba komai, ramuka biyu kawai. Na yi ƙoƙarin tuno ɗakin nan na Mandalay da na shirya a kaina, mai labule shuɗi da kanta ta littattafai. Yana nan. Ban daina son sa ba, kada in yi ƙarya.

Talata, 11 ga Maris, da rana tsaka

Na je shagon Daw Kyin na kira Ko Sithu, yayana, a waya. Tun bara yake kukan ɗiban ruwa da bokiti a gonar albasarsa. Na ce ya zo ya ɗauki injin ya riƙa jan ruwa da shi. Ya ce, "Yamin, lafiya? Bikin saura kwana kaɗan fa. Mijinki ya yarda?" Na ce zinariyar mahaifiyarmu ce, ta koma gonar mahaifiyarmu. Ya ce zai riƙa aiko mana da albasa da shinkafa idan an girbe. Na ce ya aiko, za mu buƙata.

Ko Zeya bai sani ba tukuna. Zan faɗa masa idan ya hau cin abinci, a gaban Baba da Inna, kuma Ko Tabarau ni zan tare shi da kaina. Ban san ko Ko Zeya zai yi mini magana kafin damina ba. Ban san ko Mai Goshi za ta dawo ba.

Gobe da safe Ko Sithu zai zo da keken shanu. Injin zai bar kogi.